FUSKA BIYU A BAKIN BATURE

Laccar da aka gabatar a taron ƙarshen wata na ƙungiyarmu, a Sabo, Ibadan



 

Kwamitin ilimi ne ya ɗora mana wannan kaya. Ya ce mu zo mu yi bayani a kan waɗansu kalmomin Turanci da suka shafi fuska, da yaudara, da halin baki biyu. Da aka gaya wa wani dattijonmu taken laccar sai ya ce, "Yau kuma da furfurarmu za a sa mu ajin Turanci?" To, ranka ya daɗe, ba aji muka buɗe ba. Ga abin da ya jawo maganar.

Watannin baya an kama wani yaronmu mai yi wa wani Alhaji aike a kasuwa, saboda waɗansu kuɗi sun yi ɓatan dabo a shagon maƙwabcinsu. Alhaji ya tafi caji ofis don ya tsaya wa yaronsa, mu ma muka raka shi. Alhaji ba ya jin Turanci, Yarbancinsa kuwa na ciniki ne kawai, saboda haka aka jawo wani daga bakin titi ya yi tafinta. Aka tambayi Alhaji halin yaron. Ya ce, "Yaro ne mai wayo, tun yana ƙarami yake hannuna." Tafinta ya juya ya ce da ɗan sanda, "He say na wayo boy." Ɗan sanda ya yi murmushi, ya duƙa ya rubuta. Alhaji kuwa yana ta gyaɗa kai, shi a zatonsa ya wanke yaronsa. Ashe da bakinsa ya ƙara ɗaure shi.

Kun ga "wayo" kalmarmu ce, daga wurinmu Turancin buroka ya ara ta. Amma da ta shiga can sai ta sake riga. A wurinmu yaro mai wayo abin yabo ne, har jariri ma cewa muke ya fara wayo. A buroka kuwa "wayo man" macuci ke nan, ɗan damfara. To idan kalmarmu ta gado za ta juya mana baya haka a bakin wani, ina ga kalmar Bature da ba mu san asalinta ba? Mu da muke zaune a nan Kudu, takardar haya da Turanci, wasiƙar lauya da Turanci, sitatimen a caji ofis da Turanci, jarida da Turanci. Waɗannan kalmomi kuwa ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai wadda ba'a ce kawai, akwai wadda zagi ce, akwai kuma wadda tuhuma ce da ke kai mutum gidan yari. Wanda bai iya rarrabe su ba, ko dai ya tada jijiyar wuya a kan abin dariya, ko ya yi dariya a kan abin da zai ci gidansa.

Bari mu fara da masu sauƙi. Fuska a Turanci ita ce "face". Ita ma ba ta Ingilishi ba ce tun asali. Daga Faransanci suka same ta wajen shekarar 1300, bayan mutanen Normandi sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci kuma ya gaje ta daga Latin. Idan Bature ya ce wane yana da "long face", ba doguwar fuska irin ta Fulani yake yabo ba, cewa yake mutumin ya ɓata rai. Idan ya ce "straight face", yana nufin wanda ya shara ba'a ko ƙarya amma bai bari dariya ta kama shi ba. "Poker face" kuma daga wani wasan karta na caca na Amurkawa ta fito, inda gwani shi ne wanda ba a gane ko katin hannunsa mai kyau ne ko maras kyau. Dillalanmu na kara ba su san wannan karta ba, amma je ka tsaya a gefe lokacin da ake taya sa, ka dubi fuskar dillali ka gaya mana ko tayin ya yi masa. Duk waɗannan uku babu zagi a cikinsu. Idan an faɗa maka, ka wuce abinka.

Sai "lose face" da "save face". Waɗannan ma baƙi ne a Turanci. Turawan da suka yi fatauci a ƙasar Sin a ƙarni na 19 su ne suka fassaro ta farko daga bakin mutanen can, sa'an nan suka ƙera ta biyun da kansu. Ta farko ita ce zubewar girma a idon jama'a, ta biyu ita ce a bar wa mutum ƙofar da zai fita da mutuncinsa. Mu kam ba sai mun je Sin ba. Muna da cin fuska, muna da rufin asiri, muna da fita kunya. Abin da muke so masu yi mana sulhu da maƙwabta su riƙe shi ne, in lauyan wancan ɓangare ya ce a nemo "face-saving", ba wata maƙarƙashiya yake ƙullawa ba. Yana cewa ne mutuminsa ya yarda ya sauka, amma a sa masa tsani, kada a ce ya diro. Mun taɓa ganin sulhu ya watse a nan unguwar don wani daga cikinmu ya dage sai an ce "na yi kuskure" a gaban jama'a, alhali kuɗinsa na kan tebur an riga an ƙirga.

"Face value" kuwa ku 'yan canji kun fi mu saninta. Ita ce ƙimar da aka buga a fuskar takardar kuɗi. A farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira tsabar kuɗi ta yi wuya, kowa ya ga yadda aka riƙa sayen naira da naira, mutum ya tura dubu goma sha ɗaya ko fiye don a miƙo masa dubu goma a hannu. Ran nan kowa ya gane abin da aka rubuta a fuskar kuɗi daban, abin da yake ci a kasuwa daban. Daga nan Bature ya ce kada ka ɗauki magana "at face value", watau kada ka saye ta a kan farashin da mai ita ya rubuta mata.

To yanzu mun zo inda gizo ke saƙa. "Two-faced", mai fuska biyu. Wannan zagi ne sosai, ba ba'a ba. Masu son nuna zurfin karatu sukan ce "Janus-faced". Janus wani gunki ne na Rumawan da, wanda suka ɗauka shi ne mai tsaron ƙofofi, suna sassaƙa shi da fuska biyu, ɗaya na duban gaba ɗaya na duban baya. Su a wurinsu ba aibi ba ne, aikin mai gadi ne ya ga mai shiga ya ga mai fita. Da sunansa aka raɗa wa watan farko na shekarar Bature suna, wanda mu ma muke kira Janairu. Daga baya ne fuskokin nan biyu suka zama alamar munafunci.

Mu ba daga Bature muka koyi wannan ba. Malamanmu da ke zaune a nan sun sha karantar da mu cewa hadisi ya ambaci mai fuska biyu cikin mafi sharrin mutane, wanda yakan je wa waɗannan da wata fuska, ya je wa waɗancan da wata. Kuma abin sha'awa, masana lugga sun ce kalmar munafuki ta samo asali ne daga ramin wani ɗan ɓeran hamada da Larabawa ke kira yarbu'u. Yakan yi wa raminsa ƙofa biyu, ɗaya a fili, ɗaya a ɓoye da 'yar ƙasa sama-sama. In an tare shi ta nan sai ya fasa ta can. Allah gafarta malam, in mun kauce a gyara mana. Shi kuma Bature munafukinsa shi ne "hypocrite", kalmar Girkawa ce, ma'anarta ta farko ɗan wasan kwaikwayo. 'Yan wasan Girkawa kuwa da fuskar aro suke hawa dandamali. Kun ga Balarabe ya dubi ƙofar gudu, Bature ya dubi fuskar aro, Bahaushe kuma ya dubi baki da zuciya ya ce Musa a baki, Fir'auna a zuci.

Daga nan sai dangin "double", watau ninki biyu. Suna da yawa, kuma kusan dukkansu ba 'yan arziki ba ne. "Double-tongued" shi ne mai baki biyu. "Duplicity" ita ce wannan hali in an sa masa babbar riga, irin wadda lauyoyi da masu rubutun jarida ke so. "Double standard" a Hausar kasuwa mudu biyu ke nan, na saye daban, na sayarwa daban. "Double-cross" ta fito ne daga bakin ɓarayi da 'yan cacar dambe na Ingila a ƙarni na 19: an haɗa baki da kai a cuci wani, sai ka juyo ka cuci wanda kuka haɗa bakin. 'Yan makarantarmu kuma kada ku yi fushi, ita ma difloma da kuke ta fafutukar samu daga wannan gida ta fito. A Girkanci ma'anarta takardar da aka ninka biyu, kuma daga gare ta aka sami diflomasiyya. Ba mu ce komai ba a kan jakadu.

Amma wadda ta fi shafarmu a cikinsu ita ce "double-dealing", kuma a nan muke roƙon iyayenmu masu gidaje da dillalai su ba mu kunnuwansu. Tun da aka kafa wannan unguwa a 1916, da me aka riƙe ta? Da shanu da goro, da kuma amana. Bafatake ya kawo shanu daga Arewa ya sauka gidan maigida. Maigida ya ba shi masauki da abinci, ya sa dillalinsa ya sayar wa mahaucin gari bashi, shi kuma ya tsaya lamuni. Babu takarda, babu sa hannu. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a nan Sabo a 1962 zuwa 1963, ya fitar da littafi a 1969, kuma babban abin da ya tsaya a kai shi ne yadda dukiya mai yawa haka take yawo a kan maganar baki kawai. To shi dillali aikinsa ne ya tsaya a tsakiya. Ya dubi mai shanu ya ce sassauta, ya dubi mahauci ya ce ƙara. Fuska biyu ce, amma irin ta mai tsaron ƙofa, kowa na ganin duka biyun.

Inda matsala take shi ne, dokar da kotunan nan ke bi ta gaji ta Ingila, ita kuma tana da tsanani a kan wakili. In mutum ya wakilta ka ka sayar masa da kaya ko fili ko mota, sa'an nan ka karɓi wani abu a ɓoye daga hannun mai saye, sunan wannan abu "secret commission". Wanda ya wakilta ka yana da ikon ya karɓe shi daga hannunka, ya kuma sallame ka. Kalmar da ke kashe mutum a nan ita ce "secret". La'adar da kowa ya sani, aka faɗe ta a gaban mai kaya da mai saye, ba ta zama laifi. Amma yaranmu na yanzu sun shiga dillancin filaye da gidaje da motoci da mutanen da ba su san al'adar kara ba. Sai a ce da mai gida an sayar miliyan tara, a ce da mai saye miliyan goma, a haɗiye ta tsakiya a kira ta la'ada. Ran da mutanen nan biyu suka haɗu a wurin biki, sai wasiƙar lauya ta iso da "double-dealing" a layin farko. Ba za mu ɓoye muku ra'ayinmu ba: a wannan wuri Bature ya yi gaskiya. Iyayenmu ma ba su kira wannan la'ada ba, ungulu da kan zabo suka kira shi.

Akwai kuma wurin da muke ganin Bature bai yi gaskiya ba, kuma mu ne muke shan wahalarsa. A Turanci ana cewa maƙaryaci "shifty-eyed" ne, mai zamewar ido, ana kuma cewa "look me in the eye", watau dube ni cikin ido in gaskiya kake faɗa. Duk wanda ya yi boko mai zurfi ya sha wannan tunani tare da harshen, ko ya sani ko bai sani ba. Mu kuwa yaya muka tarbiyyantar da 'ya'yanmu? Yaron da ya zuba wa babba ido cewa muke yana da tsaurin ido, ba shi da ta ido. Mace mai kunya in namiji baƙo na yi mata tambaya ƙasa take duba. To sai ga yaronmu a gaban majistare ko babban ɗan sanda ko mai ɗaukar aiki a kamfani, ya sunkuyar da kai don ladabi, wancan kuwa yana karanta ladabin nan a matsayin rashin gaskiya.

Masu bincike sun auna wannan magana. A 2006 waɗansu masana biyu na Amurka, Charles Bond da Bella DePaulo, sun tattara gwaje-gwajen da aka yi da mutane fiye da 24,000, inda ake nuna musu masu faɗin gaskiya da masu ƙarya a ce su rarrabe. Abin da aka samu shi ne suna dacewa sau 54 cikin 100. Wanda ya rufe ido ya yi canki-canka zai sami 50. Kun ji iyakar gwanintar ɗan Adam wajen karanta fuska. Mukan ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma gaskiya ne in ana maganar murna da baƙin ciki. Amma a wajen ƙarya, fuska ba shaidar kirki ba ce. Shi kansa Turanci ya san haka, don yana da "barefaced lie", ƙarya tsirara. Asalin "barefaced" fuskar da ba gemu ba rufi, daga baya ta koma nufin wanda zai dube ka ƙuru-ƙuru ya gilla maka ƙarya ko ƙiftawa babu. To in maƙaryaci na iya duban ido, me ya sa za a kama wanda ya dubi ƙasa? Duk da haka ba mu ne muke da kujerar alƙali ba. Saboda haka shawararmu ga iyaye ita ce a koya wa yara duka biyu. A gaban kakansa ya sunkuya. A gaban hukuma ya ɗaga kai, ya dubi mai tambaya, ya amsa da murya a fili. Ba fitsara ba ce, yaren wurin ke nan.

Kafin mu wuce, ga waɗansu biyu na gida. "Eye service", wadda kowane ma'aikaci a Nijeriya ya sani, ita ce ganin ido, maƙwabtanmu Yarbawa kuma su ce "oju aye". Tsohuwar kalma ce da ke cikin fassarar Baibul ta Turanci ta 1611. A Ingila ta kusa mutuwa, a nan kuwa tana nan da ranta. Ɗayar kuma a garin nan aka yi mata suna. Abin da jaridunmu na Hausa ke kira sauya sheƙa, Bature a majalisarsa yana cewa "cross the floor", ɗan Nijeriya kuma ya ce "cross carpet". Ana danganta yaɗuwarta da abin da ya faru a majalisar Jihar Yamma a nan Ibadan a farkon 1952, lokacin da mutanen Azikiwe suka ce waɗansu wakilai da suke lissafi da su sun koma wajen Awolowo. Har yau magoya bayan ɓangarorin biyu ba su daina gardama a kan ko hakan aka yi ba. Mu dai baƙi ne, ba mu shiga.

Saura mafi nauyi. "Con man" gajarta ce ta "confidence man", mai cin amanar yarda. An san ranar sunanta. A 1849 aka kama wani mutum a birnin New York mai suna William Thompson. Yakan ci ado, ya tare mai kuɗi a titi, ya gaishe shi kamar sun daɗe da sanin juna, ya ja shi da hira. Can sai ya tambaye shi ko ya yarda da shi har ya ba shi ajiyar agogonsa zuwa gobe. Mutum don kunyar kada a ce ya manta tsohon aboki sai ya kwance agogo ya miƙa. Jarida ta raɗa masa wannan suna, ya bi duk masu irin sana'arsa har yau. Ku duba fa, bai fizge ba, bai zare wuƙa ba. Miƙa masa aka yi. Wannan ita ce zamba cikin aminci, Yarbawa kuma sukan ce "gbajue", wanda in ka fassara shi kai tsaye mari ne a fuska.

A ƙasar nan sunanta 419, kuma da yawa daga cikinmu muna faɗin lambar ba mu san ta mece ce ba. Lambar sashe ce a kundin dokar laifuffuka da aka shimfiɗa wa Nijeriya a 1916, sashen da ya yi magana a kan karɓar dukiyar mutum ta hanyar "false pretences". Arewa ta bar wannan kundi a 1960 ta koma Final Kod, inda laifin yake a sashe na 320 da sunan "cheating". Watau a Kano ko Sakkwato lambar ma ba ta nan, amma a nan Jihar Oyo da ita ake gurfanar da mutum. Bayan haka gwamnatin soja ta yi doka ta musamman a kan damfara a 1995, aka sake ta a 2006, kuma a ƙarƙashin ta 2006 hukuncin ɗauri ne daga shekara 7 zuwa 20. Wannan ba kalmar da za a riƙa jifa da ita a bakin shago ba ce.

Ga abin da muke so kowa ya tafi da shi a aljihu. A doka, "false pretence" ita ce mutum ya gaya maka wani abu game da abin da ya riga ya faru ko wanda yake a yanzu, alhali ya san ƙarya ne, don ya raba ka da kayanka. Ya ce fili nasa ne alhali ba nasa ba ne. Ya ce shi wakilin kamfani kaza ne alhali babu kamfanin. Ya nuna maka alat na bogi a waya ya ce kuɗi sun shiga. Wannan 419 ce. Amma mahaucin da kuka shekara goma kuna ciniki, ya ɗauki sa ya ce zai biya ran Juma'a, kasuwa ta karye masa bai biya ba, wannan sunansa mai bashi. Maganarsa ta maigida ce da sarkin pawa, in ta gagara sai kotu. Dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana a kama mutum don kawai bashi ko saɓa yarjejeniya. Sai dai a lura da ceki. Tun 1977 akwai doka a kan wanda ya ba da ceki ya dawo babu kuɗi, hukuncinsa ɗaurin shekara 2.

Wannan takobi kaifi biyu gare shi, kuma mun ga ya sari namu ta kowane gefe. Mun ga ɗan'uwanmu da bashi ya yi masa yawa, mai binsa ya rubuta takardar ƙara ya cusa "fraud" da "false pretence" a ciki don 'yan sanda su karɓa, shi kuma ya dangwala hannu a kan sitatimen da bai san abin da ke ciki ba. Mun kuma ga namu da ke bin bashi, ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya kira abokin cinikinsa "419" a gaban jama'a, ya sake maimaitawa a rubuce a waya. Jingina wa mutum laifin da ake ɗauri a kansa ɓata suna ne da zai iya kai ka ƙara, ba sai ya nuna asarar ko kwabo ba. Kotu takan yi sassauci ga zagin da aka yi cikin zafin faɗa, amma abin da ka zauna ka rubuta ka aika wa mutane ya wuce zafin faɗa. Sai ga mai bin naira dubu ɗari biyar ya koma yana neman lauyan da zai kare shi. In an ci bashinka, ka ce an ci bashinka. Kalmar Turancinta "debt", ba ta da daɗin faɗa kamar waccan, amma ba ta juyowa ta sare ka.

Game da caji ofis kuwa, tsarin mulki na 1999 ya ba wanda aka kama ikon ya yi shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa, ya kuma wajabta a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji. A kotu kuma, in ana tuhumarsa da laifi, tafinta kyauta ne. Kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala a kan takarda sai an karanta masa ita da Hausa, kuma wanda ya karanta ya rubuta sunansa a ƙasa. Tafintan bakin titi, ko da niyyarsa kyakkyawa ce, ba ya wadatarwa. Shi wancan da ya ce "wayo boy" ba mugu ba ne, har ruwa ya saya wa Alhaji. Yaron dai ya kwana biyu a tsare kafin mai shago ya tuna ƙanensa ya ba ajiyar kuɗin.

Saboda haka kwamiti ya tsai da shawarar a sami samari huɗu ko biyar masu Hausa da Turanci da Yarbanci, waɗanda za a riƙa kira ko da tsakar dare ne su raka duk wanda aka gayyata ofishin hukuma. Uku sun riga sun ba da sunayensu. Wanda yake da niyya ya ga sakatare bayan salla, a kuma duba yadda za a yi da kuɗin motarsu, don ba daidai ba ne yaro ya bar aikinsa ya kuma biya daga aljihunsa.

Mun ga shugaba yana duban agogo, ladan kuma ya miƙe. Akwai takardun tambaya guda uku da aka miƙo mana, biyu a kan ceki, ɗaya daga wajen iyayenmu mata a kan adashi. Za mu amsa su bayan Magariba in Allah ya yarda.